BABI NA HUƊU: TARKEN GWAJIN NA'URAR GANO ƘARYA A KAN MANYA MASU LARURAR ƘARANCIN NATSUWA

4.0 Gabatarwa

Wannan babi zai duƙufa ne wajen tarken wata da'awa da masu sana'ar gwaji da na'urar gano ƙarya suke yi. Da'awar ita ce, wai babban mutum mai larurar ƙarancin natsuwa da yawan motsi, wadda likitoci ke taƙaita sunanta da ADHD, ana iya ɗaura masa na'urar a sami sakamako ingantacce kamar na kowa, muddin dai yana cikin hayyacinsa kuma ya fahimci tambayoyin da ake yi masa. Za a auna wannan da'awa da yadda na'urar ke aiki da kuma yadda larurar take, sa'annan a dube ta da idon mutumin yankin da wannan bincike ya keɓanta da shi, wato Dangora da ƙananan hukumomin da ke kewaye da ita: Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa, a kudancin Jihar Kano.

Ana iya tambayar abin da ya haɗa Kwanar Dangora, inda hanyar Tudun Wada da Dajin Falgore ta rabu da babban titin Kano zuwa Zariya, da na'urar da aka ƙirƙira a Amurka. Dalilai biyu ne. Na farko, matasan yankin da suka kammala karatu suna neman aiki a hukumomin tarayya, kuma hukumar EFCC na daga cikin waɗanda aka san sun yi amfani da wannan na'ura wajen tantance masu neman aiki. Na biyu, wanda ya fi muhimmanci, tunanin da aka gina na'urar a kansa ba baƙo ba ne a wurin Bahaushe. Ya daɗe da saninsa, har ya adana shi cikin karin magana.

4.1 Daga Karin Magana Zuwa Na'ura

Bahaushe kan ce marar gaskiya ko cikin ruwa ya yi jiɓi. Yakan kuma ce mai kaza a aljihu ba ya jimirin as, haka nan labarin zuciya a tambayi fuska. Idan aka yi wa waɗannan karin magana kallon tsanaki, za a ga duk abu ɗaya suke nufi, wato jiki yana tona asirin zuciya ko da baki ya ɓoye. A kan wannan fahimta ne mai unguwa ko shugaban 'yan sintiri yakan zuba wa wanda ake zargi ido, ya lura da rawar murya da ƙifta ido da sosa ƙeya, ya yanke a ransa tun kafin a kawo shaida.

A zamanin da, a wasu sassan ƙasar Hausa da maƙwabtanta, an yi al'adar shan gwaska, inda ake jiƙa ɓawon itacen gwaska mai dafi a ba wanda ake zargi. Wanda ya amayar an wanke shi, wanda dafin ya kama kuwa an ce gaskiya ce ta kama shi. Dokar Final Kot ta Arewacin Nijeriya, wadda ta fara aiki a shekarar 1960, ta haramta irin wannan gwaji. Kuskuren shan gwaska a fili yake: abin da ake aunawa ƙarfin ciki ne da yawan dafin da aka zuba, amma sai a kira shi gaskiya ko ƙarya.

Rantsuwa a kotun shari'ar Musulunci kuwa daban take, kuma bambancin yana da amfani ga wannan tarke. Ƙa'idar fiƙihu ita ce hujja tana kan mai da'awa, rantsuwa tana kan wanda ya musa. Idan mutum ya yi alwala ya ɗauki Alƙur'ani ya rantse, alƙali ba ya auna yadda hannunsa ke karkarwa ya ce ai ga alamar ƙarya nan. Yana karɓar furucinsa ne ya bar abin da ke zuci ga Allah. Idan kuma ya noƙe ya ƙi rantsewa, a mazhabar Malikiyya, a sha'anin dukiya, ana mayar da rantsuwar ga mai da'awa. Ke nan rantsuwa ba ta taɓa cewa tana karanta jiki ba. Na'urar gano ƙarya ita ce ta ce tana yi, don haka ta fi kusa da karin maganar jiɓi a kan rantsuwa.

Matsalar karin maganar ita ce ba a juya ta. Ko da an yarda cewa marar gaskiya yana gumi, wannan bai nuna cewa duk mai gumi marar gaskiya ba ne. Manomin da ya taso daga gona yana gumi, mai zazzaɓi yana yi, haka ma mai gaskiyar da aka tsorata.

4.2 Yadda Na'urar Take Aiki

Na'urar, wadda ake kira foligiraf, ta samo asali ne daga aikin John Larson na shekarar 1921 a ofishin 'yan sandan Berkeley da ke Kalifoniya. Daga baya Leonarde Keeler ya inganta ta, aka ƙara mata ma'aunin gumin fata. Abubuwa uku take rubutawa a lokaci guda. Ana ɗaura wa mutum bututun roba biyu, ɗaya a ƙirji ɗaya a ciki, don auna numfashi. Ana ɗaura masa ɗamarar awon jini a dantse. Ana kuma manna masa wasu 'yan ƙarafa a yatsu don auna yadda gumi ke sauya gudun lantarki a fata. Na'urorin zamani suna da ƙarin wani matashi a kan kujera mai rubuta duk wani motsi da mutum ya yi.

Daga nan za a gane cewa babu wani layi a takardar da ke nuna ƙarya. Abin da ake gani tashin hankalin jiki ne kawai. Mai gwaji ne ke fassara shi, ta hanyar kwatanta yadda jiki ya amsa tambayoyi iri biyu, bisa tsarin da John Reid ya fito da shi a shekarar 1947. Akwai tambayar da ta shafi laifin kai tsaye, misali: "Kai ka ɗauki kuɗin nan?" Akwai kuma tambayar kwatanci, mai faɗi, wadda ake sa ran kowa zai ji nauyinta, misali: "Kafin bara, ka taɓa yi wa wanda ya amince da kai ƙarya?" Hasashen shi ne mai laifi zai fi razana da ta farko, marar laifi kuma ta biyu za ta fi damunsa. Amsa ba ta wuce "i" ko "a'a". Ana barin tazarar daƙiƙa 20 zuwa 25 tsakanin tambaya da tambaya, a maimaita jerin aƙalla sau uku, mutum yana zaune kamar gunki. Idan aka haɗa da hirar share fage da ta bayan gwaji, zaman kan ɗauki awa ɗaya da rabi zuwa uku.

Masana sun yi sa-in-sa a kan ingancin wannan tsari. Ƙungiyar masu gwajin ta Amurka, wadda aka kafa a 1966, ta fitar da wani nazari a 2011 da ya ce hanyoyin da ta amince da su suna dacewa da gaskiya kimanin kashi 87 cikin ɗari. Sai dai wannan yabon kai ne, kuma an san abin da Bahaushe ya ce game da yabon kai. Majalisar Bincike ta Ƙasa ta Amurka, a rahotonta na 2003, ta tace nazarce-nazarce 57 ta ce gwajin ya fi kamun-ka-ci sosai idan a kan laifi guda takamaimai ne, amma ya yi nesa da kamala, kuma yawancin nazarin an yi su ne a ɗakin gwaji da mutanen da aka sa su kwaikwayi sata. Rahoton ya kawo wani lissafi mai tayar da hankali. Idan akwai 'yan leƙen asiri 10 cikin ma'aikata 10,000, aka saita gwajin yadda zai kama 8 daga cikinsu, to zai haɗa da mutum 1,598 da ba su ji ba ba su gani ba. A ɗaya ɓangaren kuma, Aldrich Ames, jami'in CIA da ya yi wa Tarayyar Sobiyet leƙen asiri, ya tsallake gwajin a 1986 da 1991 kafin a kama shi a 1994. Kotun Ƙolin Amurka ma, a shari'ar Scheffer ta 1998, ta bayyana cewa babu ittifaƙin masana a kan amincin na'urar. Duk wannan kuwa a kan mutane gama-gari ake magana, ba a zo kan mai larura ba tukuna.

4.3 Larurar Ƙarancin Natsuwa a Wurin Manya

Larurar ba sabuwa ba ce. Likita George Still ya yi bayanin yara masu irin alamominta a laccocinsa na 1902 a Landan, amma sunan ADHD bai shiga kundin likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka ba sai a 1987. An daɗe ana zaton ciwon yara ne da ke wucewa da girma. Yanzu an tabbatar yana bin mutane da yawa har girma. Ƙiyasin masana ya nuna kimanin kashi 5 cikin ɗari na yara da kimanin kashi 2.5 cikin ɗari na manya suna da ita. Bugun kundin na 2013 ya shar'anta cewa alamomin su fara kafin shekara 12, su ɗore aƙalla wata shida, su bayyana a wuri fiye da ɗaya, kamar gida da wurin aiki. Ga wanda ya kai shekara 17, alamomi biyar cikin tara sun isa a kowane rukuni.

Alamomin sun haɗa da saurin shagala, da yawan mantuwa, da kasa bin dogon bayani har ƙarshe, da mutsu-mutsu a wurin zama, da katse wa mutane hanzari, da amsa tambaya tun ba a gama ta ba. Bahaushe ya san masu irin wannan hali, sai dai bai ɗauke shi ciwo ba. Idan yaro ne a ce ƙiriniya ko rashin ji. Idan ya girma a ce rawar kai, ko garaje, ko a ce wane ba ya zama wuri ɗaya. Duk waɗannan kalmomi na zargi ne, domin natsuwa da kamun kai da kawaici suna cikin ma'aunin mutumin kirki a al'adar Hausawa. Ma'ana, mai wannan larura yana shiga ɗakin bincike ne da bashin zargi a kansa tun daga gida.

4.4 Inda Gizo Ke Saƙar

Ƙa'idojin ƙungiyar masu gwajin ta Amurka sun lissafa waɗanda bai dace a gwada ba, kamar wanda hankalinsa ya gushe a lokacin, da mai matsananciyar naƙasar fahimta, da wanda ke cikin maye ko tsananin ciwo. Mai ƙarancin natsuwa ba ya cikin waɗannan. Adalci ne a faɗi cewa suna da hujja. Larurar ba hauka ba ce, ba kuma dolanci ba. Masu ita suna koyarwa, suna kasuwanci, suna riƙe gidaje. Idan aka ce a ware su gaba ɗaya, an nuna musu wani bambancin na daban. Amma hujjar ta amsa tambayar da ba ita ce a gaba ba. Ta tabbatar cewa mutumin zai fahimci tambaya. Ba ta tabbatar cewa jikinsa zai amsa yadda lissafin na'urar ke zato ba, alhali kuwa jikin ake karantawa.

Matsala ta farko ita ce zama. Gwajin yana buƙatar ainihin abin da larurar ta raunana. Mutumin da ba ya iya gama sauraren huɗubar Juma'a ba tare da ya gyara zama sau da yawa ba, shi ne aka ce kada ya motsa ko yatsa. Idan ya motsa, matashin kujera ya rubuta. Abin takaici shi ne, masu gwaji an horar da su su ɗauki motsi da ajiyar zuciya da sauyin numfashi a matsayin alamun dabarar yaudarar na'ura, domin masu son cutar gwajin sukan danne yatsun ƙafa ko su ciji harshe. Saboda haka alamar ciwo da alamar wayo sun zama iri ɗaya a takarda. Idan kuma ya yi ta maza ya danne kansa, to ƙoƙarin dannewar shi ma aiki ne da ke bayyana a numfashi da bugun jini. Ko ta ina ya bi akwai rami.

Ta biyu ita ce tazarar da ke tsakanin tambayoyi. Lissafin ya ginu ne a kan cewa duk sauyin da aka gani cikin 'yan daƙiƙun da suka biyo bayan tambaya, tambayar ce ta haddasa shi. Wannan zato yana tafiya daidai ne idan hankalin mutum yana kan tambayar. Daƙiƙa 25 na shiru kuwa doguwar tafiya ce ga mai shagala. A ɗauka misali an tambayi wani matashi ko ya taɓa karɓar toshiyar baki, ya ce a'a, nan take hankalinsa ya tafi ga bashin takin da mahaifinsa ya ci, ko ga motar da zai hau ya koma Tudun Wada kafin dare, gabansa ya faɗi. Allurar za ta rubuta faɗuwar gaban a ƙarƙashin tambayar toshiya. Ba ta da hanyar sanin inda zuciyarsa ta je. Haka nan idan ya farga cewa bai ji ƙarshen tambaya ba, firgitar da zai yi ita ma za ta hau takarda.

Ta uku ta fi sauran sarƙaƙiya, kuma ita ce ke nuna cewa kuskuren ba gefe ɗaya yake karkata ba. Satterfield da Dawson (1971) sun gano cewa yara masu yawan motsi da suka gwada suna da ƙarancin amsawar gumin fata idan aka kwatanta da sauran yara. Wannan ya saɓa wa abin da ido ke gani, domin wanda ke ta mutsu-mutsu ana zaton cikinsa ma a tashe yake. Nazarin a kan yara aka yi shi, don haka ba za a ɗora shi kacokan a kan manya ba. Duk da haka ya isa ya nuna cewa ma'aunin gumi, wanda masu gwaji suka fi ba nauyi wajen lissafi, yana iya zama a kwance a wurin wasu masu larurar. Idan haka ta faru, mai laifi na iya sulalewa, ko kuma sakamakon ya fito a matsayin "ba a tantance ba". Tambayar kwatanci ma tana iya jawo haka. Mutumin da ya tashi ana yi masa faɗa kullum, ya saba da ƙananan ƙarairayi na rufe mantuwa, kamar cewa ya isar da saƙon da ya manta, irin wannan tambaya tana iya sukarsa fiye da kima, ta rinjayi tambayar laifin ko da shi ya aikata. Ke nan ba za a ce na'urar kullum tana zaluntar mai larura ba. Abin da za a ce shi ne ba a san gefen da za ta karkata ba a kan mutum guda, kuma ma'aunin da ba a san inda ya karkata ba ba a sayen hatsi da shi.

Sai kuma batun magani. Magungunan da aka fi bayarwa, irin su Ritalin, suna ɗan ɗaga bugun zuciya da hawan jini. Wasu kuma, kamar kulonidin, saukar da su suke yi. Masu gwaji kan ce wannan ba kome, tunda mutum da kansa ake kwatanta shi, tambaya da tambaya. Maganar tana da ƙamshin gaskiya, sai dai ta manta cewa ƙwayar Ritalin ta yau da kullum aikinta bai wuce awa uku zuwa huɗu ba. Wanda ya sha da asuba ya jira layi har azahar, ba mutum ɗaya ba ne a farkon zama da ƙarshensa. A yankin Dangora ma maganar ta sha bamban, don ba maganin likita ne ya fi yawa ba. Goro ne da shayi mai kauri da taba, waɗanda duk suna taɓa bugun zuciya. Ga kuma ƙwayoyi irin su taramol. Binciken ƙasa na 2018 da Ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da miyagun ƙwayoyi ya yi tare da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ya nuna kashi 14.4 cikin ɗari na 'yan Nijeriya masu shekara 15 zuwa 64 sun sha ƙwaya a shekarar da ta gabaci binciken, kuma likitoci sun daɗe da sanin cewa mai ƙarancin natsuwar da ba a kula da shi ba ya fi sauran mutane haɗarin faɗawa shaye-shaye.

Akwai wata hanyar gwajin da David Lykken ya gabatar a 1959, wadda 'yan sandan Japan suka fi amfani da ita. A nan ba a tambayar mutum ko ya yi laifi. Ana jero masa abubuwa ne, ɗaya daga cikinsu mai laifi kaɗai ya sani, misali launin buhun da aka sace, a ga ko jikinsa zai gane shi. Masana ilimin halayyar ɗan Adam sun fi amincewa da ita domin ta fi kare marar laifi. Amma ita ma tana da nata cikas a nan. Ta dogara ne ga cewa mai laifi ya lura ya kuma tuna, abin da mai shagala ba lalle ya yi ba. Daɗin daɗawa, tana buƙatar bayanin laifin ya zama sirri. A ƙauyen da aka kore shanu da dare, kafin hantsi kowa a kasuwa da majalisa ya san adadinsu da launinsu da hanyar da aka bi da su.

4.5 Harshe da Kunya

Wani ɓangaren da masu da'awar ba su waiwaya ba shi ne harshe. An tsara tambayoyin ne da Ingilishi, aka kuma tattara ma'aunin lissafin galibi daga mutanen Amurka. Bahaushen da ya koyi Ingilishi a makaranta yakan ɗan juya tambaya a ransa kafin ya amsa, kuma wannan juyawa nauyi ce a kan ƙwaƙwalwar da dama riƙon dogon zance yake yi mata wuya. Idan aka kawo tafinta, an ƙara murya ta uku a ɗakin da ake son babu abin da zai raba hankali. Akwai ma wani tarko na nahawu. Idan aka ce wa Bahaushe "Ba ka ɗauka ba?" yana iya cewa "I", yana nufin i, ban ɗauka ba, alhali Bature a wannan gurbi "a'a" zai ce. Ƙwararren mai gwaji yana guje wa tambaya mai korewa, amma a hirar share fage da ta bayan gwaji ba a tsare wannan ƙa'ida, kuma mai garajen amsa shi ya fi saurin faɗawa.

Kunya ma tana da nata tasiri. Tambayar kwatanci tana aiki ne idan nauyinta ya yi daidai, bai yi yawa ba bai yi kaɗan ba. A tambayi ɗan Bebeji ko ya taɓa yi wa mahaifinsa ƙarya, ko ya taɓa cin amanar malaminsa, a gaban baƙon da ya girme shi, wannan ba ƙaramar tambaya ba ce. Sunkuyar da kai da kawar da ido kuwa, waɗanda wani mai binciken zai ɗauka alamar rashin gaskiya, a nan ladabi ne. Idan aka haɗa ladabin da ya hana shi kallon ido da larurar da ta hana shi zama, sai a sami cikakken hoton maƙaryaci a jikin mai gaskiya.

4.6 Bayan An Cire Wayoyin

Haɗarin da ya fi girma ba a kan takardar yake ba. Yana cikin hirar da ke biyo baya, inda mai gwaji kan ce wa mutum na'ura ta nuna akwai abin da yake ɓoyewa, gara ya faɗi ya huta. Gisli Gudjonsson da abokan aikinsa sun yi nazari mai yawa a kan wannan fage. A 2007 sun gano cewa manya masu larurar ba su fi sauran mutane saurin karɓar abin da aka cusa musu ba, amma sun fi yawan amsawa da "ban sani ba". Wannan amsa a kunnen mai bincike noƙewa ce. A wani nazarin na 2008 a kan fursunonin Aisilan, sun sami alaƙa tsakanin alamomin larurar da saurin miƙa wuya, da kuma yawan waɗanda suka ce sun taɓa amsa laifin da ba su yi ba. Dalilin ba boyayye ba ne. Mutumin da ya yi awa biyu a ɗaure a kujera, babban burinsa ya fita, kuma larurarsa ita ce fifita sauƙin yanzu a kan wahalar gobe. Ba kuma tsirarun mutane ake magana a kansu ba, domin Young da abokan aikinta (2015), bayan sun tattara nazari 42, sun ƙiyasta cewa kimanin kashi 25 cikin ɗari na mutanen da ke tsare a gidajen yarin da aka bincika suna da larurar.

Dokokin Nijeriya sun tanadi wata kariya. Sashe na 35(2) na Tsarin Mulkin 1999 ya ba wanda aka kama damar yin shiru har sai ya gana da lauya, sashe na 36(5) kuma ya ɗauke shi marar laifi har sai an tabbatar. Sashe na 29 na Dokar Shaida ta 2011 ya hana karɓar iƙirarin da aka samu ta hanyar tursasawa, ko sakamakon wani abin da aka faɗa ko aka aikata wanda zai iya sa iƙirarin ya zama marar aminci. Wannan bincike yana ganin cewa gaya wa mai ƙarancin natsuwa cewa na'ura ta kama shi, bayan dogon zama, yana iya shiga ƙarƙashin wannan gaɓa ta biyu, kuma lauyan da ya san larurar yana da abin faɗa. Dokar Gudanar da Shari'ar Laifuka ta 2015, wadda Jihar Kano ta yi irin tata a 2019, ta yi tanadin ɗaukar iƙirari a bidiyo da halartar lauya. Sai dai Dokar Shaida ba ta ambaci na'urar da suna ba, saɓanin Indiya inda Kotun Ƙoli a shari'ar Selvi ta 2010 ta hana yi wa mutum gwajin ba da yardarsa ba, ko Amurka inda dokar 1988 ta hana yawancin kamfanoni masu zaman kansu gwada masu neman aiki.

Duk kariyar da aka ambata ta wanda ake tuhuma ce. Mai neman aiki ba shi da lauya a gefensa, ba shi da alƙalin da zai kai wa kuka. Idan sakamakonsa ya fito "ba a tantance ba", a ƙa'idar sana'ar ba a ce ya yi ƙarya ba, amma inda ɗaruruwa ke neman gurbi ɗaya, babu mai wahalar sake kiran wanda takardarsa ta zo da alamar tambaya.

Masu da'awar suna da amsa ta ƙarshe, wato a tambayi mutum tun farko ko yana da wata larura, in yana da ita a gajarta zama, a ba shi hutu tsakanin jeri da jeri, a sauƙaƙa tambayoyi, a nemi takardar likitansa. Shawara ce mai kyau, kuma ya kamata duk hukumar da ke gwajin ta bi ta. Amma ta ginu ne a kan zaton cewa mutumin ya san yana da larurar. Likitocin ƙwaƙwalwa a Nijeriya 'yan ɗaruruwa ne ga al'ummar da ta haura miliyan 200, kuma ɗan Doguwa ko Riruwai da ke son ganin ɗayansu sai ya yi doguwar tafiya zuwa Asibitin Koyarwa na Aminu Kano ko asibitin Dawanau, wuraren da a tunanin jama'a ba a kai mutum sai abin ya yi tsanani. Babu uban da zai ɗauki ɗansa ya kai shi Dawanau don rawar kai. Dokar Lafiyar Ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairun 2023 ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958, amma ba ta kawo likita Kiru ba. Saboda haka idan aka miƙa wa matashin fom aka tambaye shi ko likita ya taɓa gano masa wata larurar ƙwaƙwalwa, zai rubuta a'a, kuma gaskiya ya faɗa. Daga nan mai gwaji zai ɗaura masa wayoyin a matsayin wanda ba shi da kome, ya karanta duk motsinsa da wannan ido.